Diffa: In kayan gyaran da aka saya ta waya suka kashe inji, wa ke biyan diyya?

A garin Diffa da garuruwan bakin kogin Komadugu, masu motoci da dama sun koma sayen kayan gyara ta WhatsApp da Facebook daga ƴan kasuwar Yamai, Damagaram, Kano ko Legas. Cinikin na da sauƙi da araha. Amma ranar da kayan suka fito jabu, suka lalata inji ko suka jawo haɗari, mai saye kan tarar cewa dokokin da ke kare shi suna nan a rubuce, hanyar kai wa gare su ce mai nisa. Ga abin da dokar Nijar ta tanada, da inda take tsayawa, da abin da ke hannun mai mota tun kafin ya aika kuɗinsa.

Jahar da mota ta zame wa dole

Tazarar Diffa da Yamai ta zarce kilomita 1,300 a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Shi ya sa tun asali kasuwancin Manga ya fi fuskantar kudu. Kafin rikicin Boko Haram, direban da motarsa ta samu matsala kan ƙetare kogi zuwa Damasak, ya miƙe Maiduguri, ya zaɓi abin da yake so da idonsa, ya dawo. Naira ce kuɗin ciniki a kasuwanni da yawa na jahar, har gobe.

Wannan hanya ta toshe lokacin da mayaƙan suka kama Damasak a watan Nuwamban 2014. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Aka hana zirga-zirgar babura, aka rufe wasu kasuwanni, aka dakatar da fataucin tattasai da na kifin tafkin Chadi. An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi kuma a 2019, amma shekarun da aka yi ba babur sun sauya fasalin sufuri. Aikin da ɗan kabu-kabu ke yi ya koma wuyan ƙananan motoci da Hilux da tsoffin Land Cruiser: kai mara lafiya asibiti, ɗauko buhunan tattasai daga gonakin Gueskérou da Chétimari, haɗa Maïné-Soroa da N'Guigmi, ratsa rairayi zuwa N'Gourti.

Waɗannan motoci galibinsu sun ci shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso. A nan kuma suna aiki cikin ƙura da yashi da zafin bazara mai wuce maki 40. Mota irin wannan kullum tana neman wani abu. Kuma hanyoyin da kayan gyaran ke biyowa sun sha tangal-tangal: Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sake rufe iyakar har zuwa Maris ɗin 2024, rufe iyakar Nijar da Benin kuma ya tilasta wa kayan da a da ke sauka Kwatano su zagayo ta Lome da Burkina Faso. Kowane zagaye ƙarin kuɗi ne da ƙarin kwanaki. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa kayan Kano da Legas suka yi wa mai riƙe da sefa araha. A wannan giɓi ne cinikin waya ya samu wurin zama.

Yadda cinikin ke gudana

Abin da ake kira sayayya ta intanet a Diffa ya sha bamban da na Turai, inda kamfani ke da shafi da adireshi da takardar sharuɗɗa. A nan yawanci lambar waya ce. Mai mota ko makanikensa ya ɗauki hoton abin da ya lalace, ya tura wa wani da ya gani a Facebook ko TikTok, ko wanda aka ba shi lambarsa a tasha. Shi kuma ya turo hoton kwali mai kyau, a yi ciniki da saƙon murya, a aika kuɗi ta kamfanonin tura kuɗi irin su Nita, Al Izza ko Amana, ko ta hannun ɗan canji in naira za a biya. Kayan su biyo motar fasinja ko ta kaya, wani lokaci su sauya hannu sau biyu ko uku kafin su iso.

Wanda ya karɓi kuɗin ba lallai ne shi ke da shago ba. Sau da yawa dillali ne da ke zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Katako a Yamai, ya sayo a inda ya fi araha ya ɗora la'adarsa. Akwai kuma ƙalilan masu katin banki da ke oda kai tsaye daga China ta AliExpress ko Alibaba.

Kayan da ke isowa iri huɗu ne. Akwai na asali daga kamfanin da ya ƙera motar. Akwai sababbi na wasu kamfanoni da ke sayarwa da sunansu, waɗanda wasunsu nagari ne. Akwai na hannu, da aka ciro daga motocin da aka farfasa a waje. Sai na huɗu, jabu, wanda aka sa wa kwali da tambarin babban kamfani alhali ba nasa ba ne. A hoton waya, duka huɗun kamarsu ɗaya.

Asarar ta fi kuɗin kayan

Abin da ya bambanta kayan mota da atamfa ko takalmi shi ne ɓarnar ba ta tsayawa a kansu. Bel ɗin cikin inji, wanda makanikai ke kira kuruwa, in ya tsinke mota na gudu, a injuna da yawa bawul da fistin kan yi karo, inji ya buga. Filtar baƙin mai ta jabu na barin datti ya shiga ya cinye ƙarafan ciki a hankali. Takalmin birki mara inganci kan yi laushi in ya ɗau zafi, daidai lokacin da mota mai lodi ta fi buƙatarsa. Taya kuwa tana iya zama sabuwa a ido alhali ta tsufa a ajiya.

A ɗauki misalin mai Hilux da ke jigilar tattasai lokacin girbi. Ya sayi bel na jika ashirin, bayan mako biyu ya tsinke. Yanzu asararsa hawa huɗu ce: kuɗin bel ɗin, kuɗin gyaran inji wanda zai iya ninka shi sau da yawa, kuɗin jigilar da ya rasa a makonnin da motar ke garaji, da kuma, in abin ya zo da haɗari, rauni ko rai ko dukiyar wasu. Mai sayarwa mai kunya kan yarda ya mayar da jika ashirin ko ya turo wani bel. Rigimar diyya tana farawa ne daga hawa na biyu.

Lamarin bai tsaya ga motoci ba. Injunan ban ruwa da manoman tattasai da albasa da shinkafa ke jawo ruwan Komadugu da su, ta wannan hanya ake sayen kayan gyaransu. Inji ya tsaya kwana biyar tattasai na fure, amfanin shekara ne ya shiga haɗari.

Abin da dokar Nijar ta ce

Ƙofa ta farko tana cikin kundin Code civil da Nijar ta gada daga Faransa. Aya ta 1641 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikin da aka saye su domin shi. Aya ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. Inda gizo ke saƙar shi ne ayoyi biyu na gaba. In mai sayarwa ya san da aibin, aya ta 1645 ta ce zai biya dukkan ɓarnar da ta biyo baya. In bai sani ba, aya ta 1646 ta taƙaita abin da zai biya ga farashin kayan da ɗawainiyar cinikin. Kotunan Faransa sun daɗe da ɗaukar ɗan kasuwan da sana'arsa ke nan a matsayin wanda ya san aibin kayansa, kuma wannan hujja ce da lauya zai iya gabatarwa a gaban alƙalin Nijar. Aya ta 1648 kuma ta ce a shigar da ƙara cikin ɗan gajeren lokaci. Wanda ya yi watanni yana jiran alkawarin "gobe zan turo" yana iya cinye damarsa da kansa.

Ƙofa ta biyu ta ƴan kasuwa ce. Nijar na cikin ƙungiyar OHADA tun kafuwarta a 1993, kuma ficewar ƙasar daga CEDEAO a Janairun 2025 bai taɓa wannan ba. Dokar kasuwanci ta bai ɗaya da aka sabunta a Lome a Disamban 2010 ita ke aiki kan ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, misali kamfanin sufuri na Diffa da shagon kayan gyara na Yamai. Wa'adinta a fayyace yake: aibin da ake iya gani ranar karɓar kaya, a sanar da mai sayarwa cikin wata guda, ɓoyayyen aibi kuwa, a kai ƙara cikin shekara guda daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano. Wanda ya sayi kaya don motar gidansa ba ya cikin wannan doka.

Shi nasa kariyar tana cikin doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayun 2015, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan kare haƙƙin masu saye, ciki har da haƙƙin samun sahihin bayani, da kaya marasa haɗari, da biyan diyya. Sai doka mai lamba 2019-03 ta 30 ga Afrilun 2019 kan mu'amala ta hanyar sadarwar zamani, wadda ta amince da rubutu na lantarki a matsayin hujja, ta kuma wajabta wa mai ciniki ta intanet ya bayyana ko shi wane ne. Ma'anarta ga ɗan Diffa ita ce saƙonnin WhatsApp ba hira ba ce kawai, ana iya kai su gaban alƙali.

Ƙofa ta ƙarshe ta laifi ce. Wanda ya karɓi kuɗi da sunan kayan asali ya turo jabu da gangan, ko ya karɓa ya kashe waya, zamba ya yi. Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci a kan zambar da aka yi ta na'ura. Ana kai ƙara komisariya, ko wurin jandarma, ko gaban mai gabatar da ƙara na babbar kotun Diffa, kuma wanda aka cuta na iya shiga shari'ar ya nemi diyyarsa a ciki. Kotun kasuwanci ta musamman a Yamai take. A Diffa babbar kotun ce ke duba irin waɗannan ƙararraki. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya na iya neman taimakon hukumar ANAJJ, da aka kafa a ƙarƙashin dokar Disamban 2011 don tallafa wa marasa hali a gaban shari'a.

Wannan doka ta 2019 tana da kaifi biyu. Mai motar da ransa ya ɓaci kan ɗauki hoton mai sayarwa da lambarsa ya watsa a Facebook yana kiransa ɓarawo. Tun gyaran da aka yi wa dokar a watan Yunin 2024, ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani na iya jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Mai neman diyya na iya wayar gari shi ne ake tuhuma.

Hujja ita ce ƙashin bayan ƙara

Ko a wace ƙofa aka bi, alƙali zai nemi abu uku: wa ya sayar, kayan na da aibi tun kafin a sayar, kuma aibin ne ya jawo ɓarnar. Kowane ɗaya na da tarkonsa.

Na farko, suna. Sunan da ke shafin Facebook daban, sunan da ya karɓi kuɗi daban, lambar wayar kuma an yi mata rajista da katin wani. Rasit ɗin kamfanin tura kuɗi na nuna an biya wani mutum, amma ba ya faɗin don me aka biya. Sai an haɗa shi da saƙon da mai sayarwa ya rubuta sunan da za a tura wa kuɗi, da abin da ya yi alkawarin turowa.

Na biyu da na uku sun fi wuya. Mai sayarwa zai ce kayansa lafiya lau ne, makanike ne ya ɗaura ba daidai ba. Makanike zai ce shi abin da aka kawo masa ya ɗaura. Dukansu za su ce motar ta tsufa, ko lodi ya yi yawa, ko rairayi ne. Abin da ke raba gardama shi ne ƙarfen da ya lalace da kwalinsa, amma su ne farkon abin da ake jefarwa a bayan garaji. Wanda ke da niyyar neman haƙƙi, kafin a wargaza injin, ya kamata ya kira mai shaidar kotu, wato wisiye, ya rubuta abin da ya gani, sannan a samu ƙwararren masanin motoci ya bayyana musabbabin lalacewar a rubuce. In haɗari ne, takardar binciken ƴan sanda ko jandarma ita ce tushe. Duk wannan kuɗi ne, kuma mai ƙara ne ke fara biya. Shi ya sa a ƙaramar asara, ɗawainiyar shari'a kan fi abin da ake nema.

Akwai wani abu da masu motoci da yawa ba su lura da shi ba. In mai garaji ne ya sayo kayan ya ɗaura ya caji kuɗi gaba ɗaya, shi ne mai sayarwa a idon doka, kuma yana nan cikin gari, ana iya samunsa. Shi ne zai koma ya bi wanda ya sayar masa. In kuwa mai mota ne ya sayo da kansa ta waya don ya rage jika biyar, ya ɗauke wa mai garaji wannan nauyi ya ɗora wa kansa. A nan karin maganar nan ta araha ba ta ado take da ma'ana ta shari'a.

Idan mai sayarwa na ƙetaren kogi

Daga Diffa ana hango ƙasar Najeriya, amma a shari'a wata duniya ce. Najeriya ba ta cikin OHADA, tsarin shari'arta na Ingila ne. Hukuncin da alƙalin Diffa ya yanke ba ya aiki kai tsaye a kan shagon da ke Kano. Sai an sake bi ta kotun can ta amince da shi, da lauya da fassara da kuɗi.

Najeriya tana da nata tanadin. Dokar gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta kafa hukumar FCCPC, wadda ke karɓar koke ta intanet, ta kuma ɗora alhakin ɓarnar gurɓatattun kaya a kan wanda ya samar da su. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, kuma ta sha kama jabun tayoyi da kayan mota. Jihar Kano na da hukumar kare masu saye ta kanta, da kotunan ƙananan basussuka masu saurin yanke hukunci. Sai dai duk waɗannan na buƙatar sunan shago da adireshi da takarda, kuma galibi sai mutum ya je da kansa ko ya wakilta wani. Ga mai Starlet a Diffa, tafiya da masauki kaɗai na iya cinye abin da zai karɓo.

Akwai hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda har batun rabon ruwan Komadugu na cikin ayyukanta. Ita ce wurin da ya dace a tattauna yadda koken mai saye zai riƙa ƙetare iyaka, amma dangantakar ƙasashen biyu tun 2023 ta fi karkata ga batun tsaro.

Mai oda daga China kuwa yana da wata ƴar kariya: dandalin na riƙe kuɗi, kuma yana ba da wa'adin ƴan kwanaki bayan karɓar kaya don a shigar da koke. Amma abin da ake mayarwa farashin kayan ne. Bel ɗin da ya tsinke bayan wata biyu ya riga ya wuce wa'adi, injin da ya buga kuma ba ya cikin lissafinsu.

Inshora ba ta rufe wannan rami

Wasu na zaton takardar asiransi da jami'ai ke tambaya a shinge za ta biya. Inshorar dole da kundin CIMA ya wajabta a ƙasashe mambobi, ciki har da Nijar, tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu ne: fasinja, mai tafiya a ƙasa, wata motar. Ba ta biyan gyaran motar mai ita, ba ta kuma biyan direban da ya ji rauni sai in an sayi ƙarin kariya. Ko inshora mai faɗi, galibi haɗari take biya, ba lalacewar inji ba.

Duk da haka amfaninta babba ne. In birki ya ƙi kamawa aka buge mutum, iyalansa ba sai sun jira an gano wanda ya sayar da takalmin birkin ba; kamfanin inshora ne zai yi musu tayin diyya, daga baya shi ya bi mai laifi in ya ga dama. Mai motar da ba shi da inshora kuwa, shi kaɗai zai fuskanci iyalan, sannan ga tuhumar kotu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Matsalar ba ta matalauta kaɗai ba ce. Kamfanin Takata na Japan ya sayar wa manyan kamfanonin mota jakar iskar kariya wadda sinadarin cikinta ke lalacewa da zafi da laima, har ta fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba. A Amurka kaɗai an yi kiranyen kusan miliyan 67. A 2017 kamfanin ya amsa laifi, ya amince da biyan dala biliyan 1, ciki har da miliyan 125 ga waɗanda suka ji rauni, sannan ya durƙushe a watan Yunin shekarar. Wasiƙun kiranye na zuwa ne ga masu motoci a ƙasashen da aka yi musu rajista. Motar da aka sayar ta ƙetaro teku ta iso Sahel, wasiƙar ba ta biyo ta.

Tarayyar Turai tun 1985 ta ɗora wa mai ƙera kaya alhakin ɓarnarsu ba tare da sai an tabbatar da sakacinsa ba, kuma wanda ya shigo da kayan daga waje ana ɗaukarsa tamkar shi ya ƙera. Faransa ta shigar da wannan cikin kundinta a 1998, shekaru da dama bayan Nijar ta kama gabanta da tsohon kundin. Sabuwar dokar Turai ta 2024 ta faɗaɗa alhakin har zuwa dandalin ciniki na intanet a wasu yanayi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2020 cewa ana iya kama Amazon da alhakin batirin kwamfuta da wani ɗan kasuwa ya sayar ta dandalinsa ya fashe. Manufar duka ɗaya ce: a samu wani na kusa da mai saye wanda zai amsa. A cinikin Diffa wannan na kusa shi ne babu, domin WhatsApp ba ya riƙe kuɗi, kamfanin tura kuɗi aikinsa isar da saƙo ne, direban da ya kawo ƙunshin kuma bai san abin da ke ciki ba.

Sulhu, da iyakarsa

A zahiri yawancin irin wannan rigima a wajen kotu take ƙarewa. Manyan kasuwannin kayan gyara na da shugabanni da ke sauraron koke, kuma ɗan kasuwa mai shago na tsoron a ce ya sayar da jabu, domin sunansa ne jarinsa. Sandikar direbobi da sarkin tasha na iya yin magana da takwarorinsu na wani gari. Dokar 2015 kan masarautun gargajiya ta ba sarakuna ikon sasanta jama'a. Fiƙihun Malikiyya da mutanen yankin ke bi ya san haƙƙin mayar da kaya saboda aibi, ya kuma haramta algus, abin da ke ba malami ko dattijo abin kafa hujja ko a wane gefen kogi. A Yamai, ɗakin ƴan kasuwa na da cibiyar sulhu da sasanci, kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata na karɓar koke.

Sulhu na da sauri da sauƙin kuɗi, amma yakan ƙare da raba asara, kuma yana aiki ne kawai in mai sayarwa na da shago da shugaba da kunya. Dillalin da ya cire layinsa ya jefar, ba mai kiransa zaman sulhu. In an sasanta, a rubuta a sa hannu da shaidu, da adadin kuɗi da ranar biya.

Kafin a aika kuɗi, da abin da ya rage wa hukuma

Mafi yawan abin da zai ceci mai saye kafin ciniki ake yinsa. Ya tura lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke kan katin mota, tare da lambar kayan, don kada a ce kuskuren oda ne. Ya sa mai sayarwa ya rubuta ƙarara cewa kayan na asali ne, ko na hannu, da garantin kwana nawa. Ya nemi hoton faktir mai sunan shago da lambar rajistar kasuwanci, kuma sunan mai karɓar kuɗi ya dace da shi. Ya buɗe ƙunshin a gaban makanike yana ɗaukar bidiyo, ya ajiye kwali. A taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan alamar DOT na nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Birki da sitiyari da taya kuwa, waɗanda rai ke rataye a kansu, sayensu a wurin wanda ake iya zuwa a tsaya a ƙofar shagonsa ya fi.

Sauran aikin na magabata ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce haɗuran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba in an auna da yawan jama'a. Nijar na da hukumar kiyaye haɗura ta ANISER, da ta ingancin kaya ta ANMC, da jami'an duwan a kan iyaka, da ofishin ma'aikatar kasuwanci a kowace jaha. Abin da Diffa ke buƙata daga gare su ba sabon gini ba ne: teburin karɓar koken masu saye a ofishin kasuwanci na jaha, jerin ƙwararrun masu binciken mota da kotu ta amince da su waɗanda ke zaune a garin, binciken kayan birki da tayoyi a inda ake sauke su, da gyaran doka da zai sa wanda ya shigo da kaya ƙasar ya amsa ɓarnarsu ko bai san aibinsu ba. Kamfanonin tura kuɗi ma na iya fito da tsarin riƙe kuɗin ciniki har sai mai saye ya tabbatar kayan sun iso.

Su ma masu motocin suna da abin yi tare. Sandikar direbobi da ƙungiyar makanikai na iya ajiye sunayen shagunan da aka gwada aka yarda da su, su riƙa oda a dunƙule da faktir ɗaya. Ɗan kasuwar Kano ko Yamai na iya yin watsi da koken mai Hilux guda, amma zai yi tunani sau biyu kafin ya rasa cinikin tasha sukutum ana tsakiyar jigilar tattasai.